Bindigar aljihu: .380 ta fasa mini hannu, .22 ce ta koya mini harbi

Aikin dare nake yi a wani gidan mai da ke gefen birnin Houston a jihar Texas ta Amurka, kuma tun ranar da aka tsare abokin aikina a wurin ajiye motoci aka karɓe masa waya da walat, hankalina bai sake kwanciya ba. Ni da a gida ban taɓa riƙe ko adakar mafarauta ba, don a Najeriya fistol ba abin da talaka ke samun izininsa ba ne, sai ga ni a shagon bindigogi ina cike takardar 4473, fom ɗin gwamnati na sayen bindiga, ana duba tarihina. A Texas tun 1 ga Satumba, 2021 wanda doka ba ta hana shi mallakar bindiga ba yana iya ɗaukarta ba tare da lasisi ba, amma ni na ƙudurta sai na yi lasisin, saboda ina son a koya mini dokar da kyau.

Mai shagon bai tambaye ni ko na taɓa harbi ba. Na ce ina son wadda za ta shiga aljihun wando, ya miƙo mini wata 'yar ƙarama mai harsashin .380 (lambar kaurin harsashin ke nan), mai cin shida a magazin, wato gidan harsashi, da ɗaya a ciki, ya ce ita kowa ke saye. A hannu kam ta yi daɗi, ba nauyi, ta ɓace a aljihu kamar waya. Na biya, na ƙara da kwali biyu na harsashi.

Ranar Asabar na je filin harbi. Wallahi harbin farko ji na yi kamar an maka mini guduma a tafin hannu. Abin da ba a gaya mini ba shi ne, rashin nauyin nan da na yi murna da shi, shi ne matsalar. Ƙarfin da ke tura harsashi gaba shi ne ke dawo da bindigar baya, in babu nauyin ƙarfe da zai shanye shi, hannunka ne zai sha. Ga mariƙin gajere, ƙaramin yatsana yana lilo a iska ba inda zai kama. Kafin in gama magazin na uku, murfin saman da ke ja da baya ya yanke ni a tsakanin babban yatsa da manuniya, jini ya ɓata mini hannun riga. Takardar da nake auna harbi a kanta tana nisan yadi bakwai kacal, amma duk harsasaina ƙasa da hagu suke tafiya, wasu ma ba su taɓa ta ba. Na fara runtse ido kafin in ja kunama, ina jin kaina ina yi, na kasa hanawa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don tunanina ɗaya ne: wannan ce zan dogara da ita ƙarfe uku na dare?

Wani dattijo da ke layin kusa da ni ya ga ina naɗe hannu da tishu. Ya jira na ajiye bindigar bakinta na kallon gaba, sannan ya matso ya ce tsoron dukan ne ke sa nake dannar da bakinta ƙasa kafin ta tashi. Ya ciro tasa, Ruger LCP II mai harsashin .22, ya ce in gwada. Girmanta kusan ɗaya da tawa. Na ja murfin da yatsu biyu ya taho salin-alin, ashe don haka suka sa mata suna Lite Rack, wato mai sauƙin ja. Na ɗaure fuska ina jiran guduma, sai na ji tas, kamar an fasa leda. Goma ke cikin magazin, goman nan duka suka shiga wurin da faifan tuwo zai rufe. Na tsaya ina kallon takardar, ban yarda ni ne na yi ba. Ya ƙara loda mini har sau uku, ya ƙi karɓar ko sisi. Allah ya saka wa bawan Allahn nan da alheri, a rabin sa'a ya yi mini abin da ya kamata a yi mini tun a shago.

Mako na gaba na sayi irinta. Nauyinta bai kai giram 350 ba, tana da makullin kariya a gefe, kuma harsashinta araha ne, kuɗin kwali ɗaya na .380 mai guda 50 zai saya maka na .22 ninkin-ba-ninki. Hakan ya sa nake zuwa fili kusan duk mako, in harba ɗari ko ɗari da hamsin in tashi hannuna lafiya lau. Da ita na yi jarrabawar lasisi, harsashi 50 a yadi 3 da 7 da 15, na ci ba wahala. Uwargida ma da ta kasa jan murfin waccan ko sau ɗaya, wannan tana ɗana ta da kanta.

To amma a wata na biyu na sayo wani babban kwalin harsashi mai arha, irin na zube. Ina cikin harbi na ja kunama, sai ƙas, shiru. Na riƙe ta tana kallon gaba na ɗan lokaci kamar yadda aka koya mana, na fitar da harsashin, ga shaidar duka a gefen gindinsa amma bai tashi ba. Kafin in bar wurin ya sake faruwa sau uku. Laifin harsashin ne, don .22 maganin kunna shi a shafe yake a zagayen bakin gindin kwanso, in aka samu gurbin da bai ji ba kuma allurar da ke dukan gindin ta faɗa nan, shi ke nan. Na .380 kuwa a tsakiya yake cikin ɗan ƙoƙonsa, shi ya sa bai cika yin haka ba. Da na koma masu tsada matsalar ta kau, amma ƙas ɗin nan ya zauna mini a kunne. A filin harbi abin wasa ne. A bayan kanta, mutum na tsaye a gabanka, ba wasa ba ne. Ga kuma ƙanƙantar harsashin, nauyinsa bai kai rabin na .380 ba, kuma malamin da ya koyar da mu bai ɓoye mana ba cewa ba shi zai fara ba wa mutum shawara don kare kai ba.

Nan haushin mai shagon ya dawo mini sabo. Da ya ce in je in yi hayar biyu ko uku a fili in gwada kafin in biya, ko ya nuna mini .380 mai ɗan girma da hannu zai cika, da ban sayi bindiga biyu cikin kwana goma ba. Da na koma in mayar da ta farkon, kuɗin da ya taya ko rabi bai kai ba, alhali harsashi 30 ma ban cika da ita ba. Na ɗauko abata na fito.

Yanzu tana cikin akwati mai makulli a saman kabad, inda yara ba za su kai ba. Duk zuwa fili nakan harba magazin ɗaya da ita a ƙarshe, da riƙon da dattijon ya gyara mini, kuma ta fara shiga takarda. Wadda ke aljihuna in zan fita aiki ita ce .22 ɗin, cikin kube mai rufe kunama, ba mukulli ba canji a aljihun, da harsashin da na gwada ɗari biyu a jere bai ƙi tashi ba.