Sharhi kan Gyaran Mazaunin Akwatin Sitiyarin Tsohuwar Marsandi a Farin Gada, Jos

Motar da nake hawa Marsandi ce 230E ƙirar 1984, daga jerin da kamfanin ya kira W123, wanda ya fara fitowa a 1976. Irin waɗannan motoci ba su da doguwar sandar sitiyari mai haƙora irin ta Fijo 504. Abin da suke da shi akwati ne na ƙarfe mai nauyi, da notuna 3 ke ɗaure shi a jikin ƙashin motar ta ɓangaren direba, kuma duk ƙarfin da famfon fawa sitiyari ke bayarwa domin juya tayoyi, a kan waɗannan notuna da ƙarfen da ke riƙe da su yake sauka. Na rubuta wannan sharhi ne saboda aikin da wani gareji a Farin Gada ya yi mini a daidai wannan wuri, domin na tabbata akwai masu tsofaffin motoci da yawa a Jos da ke fama da irin matsalar, ana ta sayar musu da kayan da ba su ne suka lalace ba.

Alamar da ta dame ni ita ce wasan da sitiyarin ke yi kafin tayoyi su amsa, sannan ga wata ƙara, ƙwas, da ke fitowa daga ƙasan ƙafafuna duk lokacin da na karya kan mota a hankali, musamman wajen ajiye ta a cunkoson Taminus. A wurin da na fara kai ta an sauya kawunan tayirod, wato sandunan da ke tura tayoyin gaba su juya, daga baya kuma aka ɗaure notin saiti da ke saman akwatin, wanda bai rage wasan ba, sai ma ya sa sitiyarin ya daina komawa tsakiya da kansa bayan an sha kwana. Shawara ta ƙarshe da aka ba ni a can ita ce in je Dilimi in sayo wani akwatin na Beljiyam.

Abin da ya fara burge ni da wannan gareji shi ne maigidan bai ɗauki sifana ba sai da ya gama kallo. Ya bar motar a ƙasa da nauyinta a kan tayoyi, ya sa yaronsa ya tayar da inji ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama, shi kuma ya haska tocila ta bayan tayar gaba. Can ya kira ni ya ce, "Alhaji, matso ka gani da idonka, akwatin nan lafiyarsa ƙalau, mazauninsa ne ya gaji." Na duƙa na ga akwatin gaba ɗaya yana ɗan motsawa kafin hannunsa ya fara tura sanduna, kuma da aka wanke wurin da kananzir sai ga wani siririn tsagu ya bayyana daga ramin noti na ƙasa, da jar ƙurar tsatsa a bakinsa. Ya yi mini bayani cewa laka da ruwan damina kan taru a cikin wannan ƙarfe tsawon shekaru, su ci shi ta ciki, ramukan hanya kuma su ƙarasa aikin. Ko da an kawo sabon akwati dal aka ɗaura a wurin, tamkar kafa sabuwar ƙofa ne a jikin rubabben bango.

Yadda suka gudanar da waldar shi ne ainihin abin da ya sa nake yaba musu. Sun cire kan batir, sun yi alama a mahaɗar sandar sitiyari domin ta koma yadda take, suka sauke akwatin, sannan suka sa faifan ƙarfe da jiƙaƙƙen tsumma suka kare bututan birki da wayoyin da ke kusa. Mai waldar ya huda ɗan ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagun domin kada ya ci gaba da tafiya, ya gurza bakinsa ya buɗe, ya riƙa cikewa kaɗan-kaɗan yana barin ƙarfen ya huce, saboda zafi mai yawa a lokaci guda yana lanƙwasa wurin har ramukan notuna su kauce daga saitinsu. Ya kuma duba ƙananan bututan ƙarfen da notuna ke ratsawa a cikin ƙashin, waɗanda ke hana shi lotsewa idan an ɗaure da ƙarfi, ya tarar ɗaya ya saki, ya mayar da shi ya kama. Bayan haka ne aka yanka farantin ƙarfe daidai siffar wurin aka ƙara masa ƙarfi da shi, aka shafa fentin hana tsatsa. Na sha ganin masu walda da ke zuba wuta a kan tsagu akwatin yana ɗaure, a gama cikin rabin awa. Irin wannan aiki yana ɓoye tsagun ne kawai, kuma ina ganin babbar kasada ce ga motar da za ta sauka Hawan Kibo da iyali a ciki.

Maigidan ya ƙi mayar da tsofaffin notunan, ya aika aka sayo sababbi masu lambar 10.9 a kansu, lambar da ke nuna ƙarfin noti, ya nuna mini bambancinsu da masu lambar 8.8 da suka fi yawa a kasuwa, ya ɗaure su da sifana mai awon ƙarfi maimakon a sa bututu a taka da ƙafa. Ya sassauta notin saitin da aka matse a baya, ya zuba sabon man fawa sitiyari, ya ɗaga gaban motar ya juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe har kumfa ta daina fitowa a tankin man sitiyarin.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma adalci ne in faɗe su. Aikin ya wuce ranar da aka yi mini alkawari, wani ɓangare saboda rashin wutar lantarki, amma ba a kira ni an sanar da ni ba sai da na je da kaina. Ba su da na'urar saitin tayoyi, don haka sai da na kai motar wani wuri a hanyar Bauchi, alhali ya kamata a gaya wa mutum wannan ƙarin kuɗi tun farko. An kuma bar mini shatin baƙin mai a kujerar direba, abin da shimfiɗa leda ɗaya zai hana. Kuɗin aikin kansa bai yi mini tsada ba, domin duka da notuna da fenti bai kai abin da aka nema a hannuna na tsohon akwati a Dilimi ba.

Tun bayan gyaran na bi hanyar Bukuru da ta Akwanga, ƙarar ta ɗauke, motar tana tafiya a miƙe ba tare da ina ta gyara mata hannu ba, sitiyarin kuma yana komawa tsakiya da kansa. Ɗan wasan da ya rage na shekarun akwatin ne, kuma maigidan ya faɗa mini haka tun kafin in tambaya. Ya gargaɗe ni da in daina murɗa sitiyari motar tana tsaye cik, kada kuma in danne shi a ƙarshe, in guji sanya tayoyi masu faɗi fiye da na asali, domin duk suna ƙara wa mazaunin nauyi. Da na koma bayan wasu makonni kamar yadda ya nema, ya sake gwada notunan da duba waldar bai karɓi ko sisi ba. Duk mai tsohuwar Marsandi ko wata mota mai irin wannan akwati, ina ba shi shawarar ya nemi a yi masa gwajin kaɗa sitiyari motar tana ƙasa, yana tsaye yana kallo, kafin ya amince a sayo masa wani akwatin.