Haɗa Baƙin Kwamfutoci a QEMU: Wace Hanya Ta Dace da Aikinka?

QEMU kyauta ce, saboda haka ba aljihunka ne zai ji jiki ba idan ka yi kuskuren zaɓe, lokacinka ne. Manhajar da Fabrice Bellard ya fara fitarwa a 2003 tana ba ka damar kunna kwamfuta a cikin kwamfuta, ɗaya mai masauki, sauran baƙi, kuma ta tara hanyoyi da dama na haɗa baƙin nan da sadarwa a ƙarƙashin umarnin -netdev. Abin da ke damuna shi ne yawancin darussan da ke yawo a intanet tsohon salo suke koyarwa, ba sa gaya wa ɗalibi cewa an sake ginin wannan ɓangaren.

Fara da buga qemu-system-x86_64 --version, domin lambar da ta fito ita ce za ta yanke rabin hukuncin. Ubuntu 22.04 na zuwa da QEMU 6.2, Debian 12 da 7.2, Ubuntu 24.04 kuma da 8.2. Iyakar tana kan 7.2, wadda ta fito a Disambar 2022. Wanda ke ƙasa da ita ba shi da sababbin hanyoyin da zan yaba a ƙasa.

Hanya mafi sauƙi ita ce user, wadda ke aiki da libslirp. Ba ta neman izinin rut, wato izinin babban mai kula da kwamfuta, ba ta taɓa tsarin mai masauki. Baƙo zai samu adireshin 10.0.2.15, ya fita ta 10.0.2.2, ya shiga intanet nan take. In kana son shiga baƙon ta SSH, wato amintacciyar hanyar sarrafa kwamfuta daga nesa, ƙara hostfwd=tcp::2222-:22 ya wadatar. Ga mai koyon Linux da baƙo guda, ba na ganin dalilin wuce nan. Aibinta biyu ne: ba ta da sauri, kuma baƙi biyu ba sa ganin juna, kowa na cikin ɗakinsa.

A ɗaya gefen akwai tap da gada, wato katin sadarwa na manhaja da ake jona shi da na mai masauki, musamman in an sa vhost=on, inda kanal ɗin Linux da kansa ke ɗaukar nauyin jigilar bayanai. Cikin hanyoyin da zan ambata babu wadda ta kai ta gudu, kuma ita ce ta dace da saba da ke tsaye a ofis da wayar sadarwa a jikinta. Sai dai tana buƙatar izinin rut ko qemu-bridge-helper. Ga kuma matsalar da ta shafi da yawa daga cikinmu masu hawa intanet ta MiFi ko hosfot na waya: gada ba ta tafiya lafiya a kan Wi-Fi, domin na'urar da ke rarraba sadarwar ba ta karɓar saƙo daga adireshin MAC, wato lambar shaidar katin sadarwa, da bai yi rajista da ita ba. Mai laftof da ya nace sai ya gina gada a kan Wi-Fi zai sha wahala a banza. Gara ya bar wa libvirt, manhajar kula da baƙi, ta kafa masa gadarta ta cikin gida virbr0, mai adireshin 192.168.122.0/24, ta fitar da baƙin ta bayan mai masauki.

Inda zancen ya fi kauri shi ne haɗa baƙi da juna kai tsaye ta soket, wato mahaɗar da manhajoji biyu ke magana ta cikinta, abin da mai koyon aikin rauta da fayawol ke buƙata kullum. Tsohuwar hanyar ita ce -netdev socket: ɗaya ya ce listen=:1234, ɗayan ya ce connect=127.0.0.1:1234. Tana aiki har yau, kuma ga mai QEMU 6.2 ita ce abin da ke hannu. Amma an cusa mata ayyuka masu yawa a baki guda, da TCP da UDP da aikawa ga taro, tana karanta adireshi da nata salon da bai yi daidai da sauran sassan manhajar ba. Ba za ka iya ba ta sunan fayil na soket ɗin Unix ba. Mafi ciwo, in baƙon da ke saurare ya mutu ya sake tashi, wanda ya haɗu da shi ba ya sake ƙwanƙwasawa. Layin ya yanke ke nan sai ka sake kunna shi.

A 7.2, ta aikin Laurent Vivier na Red Hat, aka raba aikin gida biyu: stream da dgram. Dukansu suna rubuta adireshi da tsarin da sauran sassan QEMU suka riga suka saba da shi. Ga misalin mai saurare:

-netdev stream,id=n0,server=on,addr.type=unix,addr.path=/tmp/lab0

Ɗayan baƙon zai rubuta irin wannan, ya mayar da shi server=off. Na san layin ya fi tsohon tsawo, kuma wasu na ƙorafi a kan haka, amma kowane yanki yana faɗin abin da yake yi, wanda zai karanta fayil ɗinka bayan wata shida ba sai ya yi duba ba. Soket ɗin Unix kuma fayil ne, izinin fayil ke tsaronsa, ba ya buɗe wata ƙofa ga waje. Daga 8.0 aka ƙara reconnect, wanda ke sa mai haɗuwa ya riƙa gwadawa har ya samu abokinsa, a 9.2 kuma aka kawo reconnect-ms don ya gaje shi. In baƙinka na kan kwamfutoci biyu daban, ka haɗa su da stream ta TCP, ɗaya a kan inbata ɗaya a kan wutar NEPA, wannan zaɓin kaɗai ya isa dalilin ƙaura.

Ka tuna stream layi ne tsakanin biyu kawai. Baƙi uku ko fiye a sadarwa guda aikin dgram ne, kowa ya nufi adireshin taro ɗaya kamar 230.0.0.1 da ƙofa 1234, sai duk su ji juna.

Abu biyu nake roƙonka ka kiyaye ko wace ka zaɓa. QEMU na ba kowane baƙo adireshin MAC iri ɗaya, 52:54:00:12:34:56, in ba ka canja ba. Baƙi biyu masu suna ɗaya a layi guda ba za su fahimci juna ba, kuma babu saƙon kuskure da zai nuna maka dalili, don haka sa mac= daban a kowane -device. Na biyu, waɗannan soket ɗin ba sa ɓoye bayanai, ba sa tambayar kalmar sirri. Kada ka bar listen=:1234 a buɗe ga duk wanda ke kan Wi-Fi ɗinku. Ɗaure shi a 127.0.0.1, ko ka bi da shi ta ramin SSH.

Sabon ginin ya kuma buɗe ƙofa ga passt, manhajar da Stefano Brivio ya rubuta. Tana zaune a wajen QEMU, ba ta neman izinin rut, tana jira a /tmp/passt_1.socket, sai ka nufe ta da stream. Ta fi user mai libslirp sauri, tana tafiya da IPv6, kuma baƙo na ɗaukar adireshin mai masauki. Ɗan'uwanta pasta shi ne Podman, manhajar kunna kwantena, ya mayar zaɓinsa na asali ga masu aiki ba izinin rut tun siga ta 5.0, alamar cewa ba kayan gwaji ba ne. Ga mai laftof a kan Wi-Fi da user ta yi masa kaɗan, nan nake ba da shawara ya dosa.

 In kana da tsofaffin fayilolin kunna baƙi da ke aiki, ba sai ka rushe su yau ba. Amma duk sabon da za ka rubuta a kan 7.2 ko sama, fara shi da stream a kan soket ɗin Unix, ka ajiye tap don ranar da saba mai waya ta shigo hannunka.