Metiron Niyu Yok: akwai araha, amma babu mai kama hannun baƙo

Duk wanda ya tashi daga Yamai ya sauka filin jirgin JFK, ko ta Kazabalanka ya biyo ko ta Istambul, tambayarsa ta farko ita ce yadda zai kai masauki. Taksi mai ruwan ɗorawa zuwa Manhattan kuɗinsa ƙayyadadde ne, dalar Amurka 70, ban da kuɗin gada da ƙananan haraji da ɗan hasafin direba. Masu tare mutum a bakin ƙofa suna cewa ga mota, ba su da izini, a wuce su. Mai kaya marasa nauyi kuwa, metiro ne hanyarsa.

Jirgin ƙasan nan ya fara aiki a 1904, yana da tashoshi 472, kuma ba ya kwana, dare da rana yana gudu. Tun farkon 2026 shiga ɗaya dala 3 ce, wato ya ɗan haura jikka da rabi. Kuɗin ba ya duba nisa: tasha biyu ko daga ƙarshen Brooklyn zuwa ƙuryar Bronx, duk ɗaya ne, muddin ba ka fita ƙofa ba. A garin da komai ke cin aljihu, wannan ne abin da ba a yi wa tsada ba.

An daina saida tsohon katin MetroCard. Yanzu tsarin OMNY ne: ka ɗora katin banki ko salula a kan gilashin da ke jikin ƙofa, ya nuna alama, ka tura ƙarfen ka wuce. Katin bankin gida yakan ƙi wani lokaci, in ya karɓa ma bankin na iya cire nasa kuɗin canji a kowace ɗorawa. Mafi sauƙi shi ne ka sayi katin OMNY a na'urar tasha, ka zuba masa tsabar kuɗi. Ka kuma riƙe kati guda. In ka biya sau 12 cikin kwana 7 da shi, sauran shigar makon kyauta ne, haka sauyi daga jirgi zuwa bas cikin awa biyu. Wanda ya biya da salula da safe ya koma kati da marece, lissafinsa ya rabu biyu, ko da asusun ɗaya ne.

Daga JFK sai an fara hawa ɗan jirgin AirTrain, kuɗinsa daban, sama da dala 8. Yana sauke mutum ko dai a tashar unguwar Jamaica, inda layin E yake, ko a Howard Beach, inda layin A yake.

To, a nan ne aikin yake. A Yamai kana tsaida taksi ka faɗi unguwa, direba ya ce shiga ko ya ja motarsa. A can babu wanda za ka faɗa wa, allo ne kawai, kuma allon don ƴan gari aka rubuta shi. Ɗauki titi na 116 a Harlem, inda ƴan Afirka ta Yamma suke da shaguna da gidajen abinci, ga masallacin Malcolm Shabazz da kasuwarsa. Tashoshi huɗu ne a Manhattan ke ɗauke da lambar 116. Ta layin 2 da 3 tana bakin masallacin. Ta B da C tana yamma kaɗan, ita ma cikin unguwar. Ta layin 1 tana ƙofar jami'ar Columbia, tsakaninka da kasuwa akwai tudu da lambu. Ta layin 6 kuma can gabas. Saboda haka kada mai masauki ya ce maka kawai ka sauka 116, ya faɗi harafi ko lambar layin.

Kuskure na biyu ya fi yawa. A dandamali guda jirage iri biyu ke tsayawa, mai bin kowace tasha da mai tsallake. Layin A da rana mai tsallake ne: in ya bar titi na 59 ba ya tsayawa sai 125, kana kallon 116 ta taga tana wucewa. Sai ka sauka a 59 ka jira C. Da tsakar dare kuma C ba ya aiki, A ne ke tsayawa ko'ina. Launi ba ya raba su, A da C da E duk shuɗi ne. Ranar komawa gida, ka hau A mai rubutun Far Rockaway. Mai zuwa Lefferts ba ya biyawa Howard Beach, kuma wannan kuskuren na iya sa jirgin sama ya tashi ya bar mutum.

Kafin ka sauka matakala, karanta abin da aka rubuta a bakinta. Uptown arewa ke nan, wajen Harlem da Bronx, Downtown kudu. A ƙananan tashoshi da yawa ɓangarorin biyu ba su haɗu ta ƙasa ba, in ka biya a inda ba daidai ba, ko ka fito ka sake biya, ko ka hau zuwa babbar tasha ka juyo. Asabar da Lahadi ana gyaran hanya, layuka kan sauya, sanarwar direba kuma ko masu Turancin ba su cika jin ta ba. A duba manhajar MTA, hukumar da ke kula da metiron, tun kafin a sauka matakala.

Tsabta dai sai haƙuri. Ɓeraye na yawo tsakanin ƙarafan hanya, lokacin zafi dandamali kan yi turiri ko da cikin jirgin akwai sanyi. In jirgi ya zo maƙil amma tarago ɗaya fayau, kada ka yi murna: ko na'urar sanyi ta mutu, ko akwai warin da ya kori kowa. Galibin tashoshin ba su da na'urar hawa, matakala ce zalla, don haka tsoho ko mai manyan akwatuna biyu ya biya taksinsa ya huta.

Abin da ke damun Bahaushe shi ne shirun. Ba sallama, ba kallon ido, kowa da abin kunnensa. Ba raini ba ne, haka ake zaman. In ka tambayi hanya kai tsaye, ba tare da jerin gaisuwa ba, galibi za a nuna maka. A bari masu fita su fita tukuna, jakar baya a sauke ta tsakanin ƙafafu. Da dare a shiga taragon tsakiya, inda ma'aikacin da ke buɗe ƙofofi yake, kuma a tsaya nesa da layin rawaya na bakin dandamali.