Kwale-kwale a Tiga ko tattaki a Falgore?

Malam, ka ce ƙungiyarku ta tsofaffin ɗalibai na son fita daga hayaniyar Kano ranar Asabar, akwai mata a tafiyar da dattawa biyu, kuma ra'ayi ya rabu: wasu na son shiga kwale-kwale, wasu na son tattaki a daji. Ni dai in da ni ne mai yanke shawara, Tiga zan kai ku, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ba na wasa ba ne.

Fara da nisa. Madatsar Tiga tana kudu da birni, wajen kilomita 70, ta hanyar Zariya a wuce Kura. In kun tashi bayan asuba, da hantsi kuna bakin ruwa, kafin magariba kowa na gidansa. Dajin Falgore kuwa ya kai kilomita 150, sai an bi ta Kwanar Dangora da Tudun Wada a hau hanyar Jos. Zuwa da dawowa kaɗai sun cinye rabin yinin, abin da ya rage ba zai ishe ku shiga ciki sosai ba. Tattakin can na masu kwana ne.

Wuraren biyu ruwa ɗaya ya haɗa su. Kogin Kano ta cikin Falgore yake ratsowa kafin ya zube a Tiga, inda aka tare shi zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama aikin a 1974. Shinkafar Kura da tumatirin Kadawa duk daga nan suke sha. Wanda ya zauna a tsakiyar tafkin ya hangi duwatsun da ke kewaye, ga masunta na jan koma, ga iska mai sanyi, ba zai ce an cuce shi ba. Dattijo ma zai ji daɗinsa, don zama kawai zai yi. A gaɓa kuma akwai karfasa da tarwaɗa da ɗanyensu.

To ga sharaɗin. Haɗarin ruwa ba ya sallama. Dukkanmu mun tuna abin da ya faru a ruwan Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, lokacin da jirgi ya kife da mutanen Badau, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da za su Mauludi, aka rasa rayuka aƙalla 29, Allah ya jiƙansu. Lodi ne ya yi yawa. Saboda haka kafin kowa ya taka, ku duba jirgin da idonku. In kun ga yaro a ciki yana ta kwarfe ruwa da roba tun ba a tashi ba, ku nemi wani. In an gama zama, ku dubi tazarar bakin jirgin da ruwa. In ba ta kai taƙi ba, a rage mutane, a yi sawu biyu, ko da kuɗin zai ƙaru. Rigar kariya daga nutsewa kowa da tasa, ku zo da ita daga Kano, kada ku dogara za ku samu a can. Ba mai miƙewa tsaye don ɗaukar hoto. A fito kafin la'asar. Kuma a hana samari iyo a gefen da ruwa ke kwance, saboda tsargiya.

Tattaki nasa wahalar a jiki take, kuma a hankali take zuwa: ƙishi, kanta a ƙafa, ƙarangiya a bakin wando, mutum ɗaya da ya gaji ya tsayar da kowa. Ladansa kuwa ya fi na ruwa, wannan ba na musu. Yankin Riruwai da ke Doguwa, inda aka yi haƙar kuza, da tsaunukansa da ruwan Zainabi mai gangarowa daga dutse, wanda ya saba da shimfiɗar ƙasar birni sai ya rantse ba a jihar Kano yake ba. Sai dai Falgore ya yi ƙaurin suna da ɓarayin shanu da masu tare hanya, har ta kai sojoji sun kafa wurin atisaye a ciki. Ba dajin da za a faɗa wa kai tsaye ba ne. Sai an je wa hakimi ko dagaci, an sanar da jami'an tsaro, an ɗauki maharbin yankin ya ja gaba, kuma in suka ce kada a shiga, a juya. Ɗaukar mata da dattawa zuwa can a yini guda, gaskiya ban goyi baya ba.

Lokaci ma ya bambanta su. Tafiyar ƙasa ta fi daɗi da hunturu, Disamba zuwa Janairu, ciyawa ta kwanta, rana ba ta cizo. Ruwa kuma a guje masa da damina, don hadari kan taso da iska ba shiri.

Samarin da suka dage sai daji, ku gwada su tukuna. Su hau Dala su sauko, su taka zuwa Goron Dutse su hau, duk a safiya ɗaya, kowa da jarkar ruwansa a baya. Waɗanda suka gama ba tare da neman Adaidaita ba, su ware nasu kwana biyun cikin sanyi, su kama masauki a Tudun Wada, su shiga da ɗan jagora.