Wata biyu ina zuba man bini da zugu a injin niƙana

Jama'a sallama. Wasu sun tambaye ni labarin man nan da nake saya a wani ɗan wurin matsar mai a Dakata, to ga abin da na gani.

Bini da zugu dai kowa ya san shi, wanda ake shinge da shi a ƙauye saboda ko akuya ba ta cin sa. Ƙwallonsa suke matsewa a injin kamar yadda ake matsar gyaɗa, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙwallon mai ne, sai su haɗa shi da sinadarin metanol da 'yar soda, ya kwana, wani ruwa mai kauri da ake kira gilisarin ya kwanta a ƙasa su tsiyaye na saman su wanke. Wannan shi ne ke zama man gas ɗin. Mai wurin bai ɓoye min komai ba wallahi, har ciki ya shiga da ni.

Ni ba zallarsa nake zubawa ba, lita 1 nake sawa a lita 4 ta gas. Baƙin hayaƙin nan da matan layinmu ke ƙorafi a kai ya ragu sosai, injin kuma yana jan masara da dawa yadda ya saba. Amma fa sati na farko sai da filta ta toshe, ashe man ne ya wanko dattin da ya daɗe a tanki, da sun gaya min tun farko da ban rufe shago rabin yini ba. Tsohon tiyon roba ma ya yi laushi na canza shi.

Abin da ya fi kwanta min a rai shi ne ba abinci ake ƙonawa ba. Tun 1900 a baje kolin Paris aka tayar da injin dizal da man gyaɗa, to amma yanzu da man girki ke neman gagarar talaka wa zai yarda a ɗura shi a injin? Shi kuwa wannan guba ne, har tunkuzarsa ba a ba dabba sai dai a kai gona.

Matsalarsu babba ƙwallon ba ya isar su. Sau biyu ina zuwa da jarka ina komowa hannu rabbana, don haka in za ka je ka fara bugo musu waya.