Meze a Landan: Na Turkawa, Na Girkawa ko Na 'Yan Labanan?

Wanda ya shiga gidan abincin Turkawa, ko na Girkawa, ko na 'yan Labanan a birnin Landan, abin da zai fara cin karo da shi a takardar abinci shi ne jerin ƙananan faranti da ake kira meze, waɗanda ake jerawa a tsakiyar teburi kowa ya sa hannu. Kalmar ta samo asali daga Farisanci, inda take nufin ɗanɗano, kuma al'adar ta bazu a ƙasashen da Daular Usmaniyya ta Turkawa ta mulka, shi ya sa za a ga naɗaɗɗen ganyen inabi da gasasshen yalo da kindirmo mai tafarnuwa a wurin dukkan ukun. Wannan kamanni yakan ruɗi baƙo har ya ɗauka duk ɗaya ne, alhali akwai bambanci a ɗanɗano, da kuɗin da za a kashe, da kuma batun halal.

Na 'yan Labanan ne ya fi kusa da abin da muka sani, domin sun daɗe suna kasuwanci a Kano, kuma shawarma ba baƙuwar kowa ba ce. A Landan cibiyarsu ita ce titin Edgware Road, wanda ya tashi daga Marble Arch ya nufi arewa, inda Larabawa suka yawaita musamman bayan ɓarkewar yaƙin basasar Labanan a 1975. A wurinsu meze kan iya zama abincin gaba ɗaya, ba share fage kawai ba. Akwai hummus, wanda ake yi da wani wake mai kama da gurjiya a haɗa shi da niƙaƙƙen riɗi da lemun tsami da tafarnuwa. Akwai mutabbal, wato yalon da aka ƙona a wuta har ya ɗauki ƙanshin hayaƙi. Akwai tabbule, kwaɗon ɗanyen ganye da tumatir da na'a-na'a da ɗan ɓarzajjen alkama. Sai fattush mai soyayyar gurasa da garin sumak mai tsami. A cikin masu zafi akwai falafel, ɗan'uwan ƙosai, da kibbe, wanda ake cusa niƙaƙƙen nama cikin ƙullin alkama a soya. Ɗanɗanon ya karkata ga tsami da ɗanyen ganye, yaji kaɗan ne, don haka wanda ya saba da barkono ya nemi batata harra, dankali mai yaji. A kula da kibbe nayye, domin ɗanyen nama ne, bai dace da mai juna biyu ko ƙananan yara ba. A ganina, idan a cikin ayarin akwai wanda ba ya cin nama, ko kuma ana so a zauna a yi hira ana ɗan taɓa wannan a taɓa wancan, babu wanda ya kai wannan zaɓi, sai dai farantan ƙanana ne, kuma kuɗin yakan taru da sauri a tsakiyar birni inda hayar shago take da tsada.

Na Turkawa ya taru ne a titin Green Lanes da ke unguwar Harringay a arewacin birnin, tsakanin tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Manor House da Turnpike Lane, da kuma yankin Dalston. Da yawa daga masu waɗannan gidaje Kurdawa ne daga kudu maso gabashin Turkiyya, kuma ana ganin hakan a sunayen garuruwa irin su Diyarbakir da Antep da ke kan allunan shaguna. A nan murhun gawayi ne sarki, meze kuma mai rakiya ne. Al'adar yawancin gidajen wannan titi ita ce a kawo gurasa mai ɗumi da salak da ɗan abin dangwale kyauta tun kafin a zaɓi komai, kuma wannan yana da muhimmanci ga aljihu, domin wanda bai sani ba yakan yi odar faranti biyar sannan ya ga rabinsu sun riga sun zo. Abin da ya cancanci a biya shi ne ezme, dakakken tumatir da barkono da ruwan rumman, wanda shi ne mafi yaji a cikin duk abin da aka ambata. Da haydari, kindirmo mai kauri. Da soyayyar hanta da albasa. Da lahmajun, siririyar gurasa da aka shafa wa niƙaƙƙen nama. A sha da ayran, wato nono mai ɗan gishiri. Ga iyali mai yawa da ke son nama, kuma ba a son a tashi da sauran yunwa, nan ne kuɗi ya fi yin auki, amma a shirya wa hayaniya da layi a daren Juma'a da Asabar.

Na Girkawa yana buƙatar tambaya kafin a zauna. Yawancin tsofaffin gidajen na Girkawan tsibirin Sayifurus ne, waɗanda suka ƙaru bayan rabuwar tsibirin a 1974, kuma sun fi yawa a wajen unguwannin Palmers Green da Southgate a arewacin birnin. Tsarinsu daban ne: ana biyan kuɗi tsayayye a kan kowane mutum, galibi daga mutum biyu zuwa sama, sai a riƙa kawo faranti zango-zango, masu sanyi da farko, sannan kifi, sannan nama, har adadin ya kan kai ashirin. Ƙarfinsu yana ga abincin teku da cuku da man zaitun: taramasalata da ake yi da ƙwan kifi, soyayyen kalamari (wata halittar teku mai hannaye da yawa), gasasshen cukun halumi wanda ba ya narkewa a wuta, da spanakopita mai alayyafo da cukun feta. Matsalar ita ce naman alade ya shiga ko'ina a zangon nama. Lukaniko da luntza da sheftaliya da afeliya duk na alade ne bisa al'ada, suflaki, wato tsirensu, ma sau da yawa haka, kuma ana zuba giya a wasu dahuwar kamar stifado, miyar nama da albasa. Musulmi zai fi samun natsuwa idan ya nemi meze na kifi ko na ganye zalla, ya kuma tambaya ko a kan waya ɗaya ake gasa halumi da nama.

Ko a sauran biyun ma kada a ɗauka komai ya wuce ba tambaya. Nama a yawancin gidajen Edgware Road da Green Lanes na halal ne, wasu ma suna liƙa shaidar HMC, ƙungiyar da ke tantance halal, a ƙofa, amma da dama suna sayar da raki ko arak, barasa ce mai kama da ruwa wadda ke komawa fara kamar madara idan an sirka ta, don haka kada a ɗauke ta a matsayin ayran.

Wajen oda, faranti biyu zuwa uku ga kowane mutum sun isa idan ba za a ci babban abinci ba, kuma ya fi kyau a fara da kaɗan a ƙara daga baya, tunda masu sanyin a shirye suke. Gurasa da yalo su ne ma'aunin gida: idan gurasar ta zo da sanyi, ko mutabbal ba shi da ƙanshin hayaƙi, to sauran ma da wuya su burge. A duba koren tambarin tsafta a taga, mai maki daga 0 zuwa 5, ko a nemi makin a shafin hukumar kula da ingancin abinci, domin a Ingila ba dole ba ne a liƙa shi. A ƙarshen cin abinci a karanta takardar kuɗi da kyau, saboda gidaje da yawa suna ƙara kashi 12.5 cikin ɗari a matsayin ladan hidima, kuma tun daga Oktoban 2024 doka ta wajabta a miƙa wannan kuɗi ga ma'aikata, don haka babu buƙatar a sake barin wani tukuici a kan teburi.