Ud ɗin Indiya da na kusa zubarwa, ga yadda ya koma bayan kusan shekara biyu

Turaren man ud na saya, rabin tola, wato 'yar ƙaramar kwalba, a wani shagon turare cikin babbar kasuwa, ana saura kwana huɗu Babbar Sallar 2023. Ba sai na faɗi shagon ba, masu harkar sun san waɗanda ke kawo man ud ɗin Indiya a Maraɗi. Kuɗin ma kun san su, abin da na ajiye a teburin nan ya isa in ja ɗan rago zuwa gida. Mai shagon ya ɗiga min a bayan hannu yana cewa, "Alhaji, wannan ɗan jihar Asam ta Indiya ne, shekararsa goma a ajiye." Shagon kuwa ya turnuƙe da hayaƙin turaren wuta, ga almiski, ga humra, hanci bai iya ware komai. Na yarda da maganarsa na biya.

Ranar Salla da safe na sa sabuwar shadda, na zaro tsinken gilashin na goga a wuyan riga da gemu da bayan kunne, ban yi rowa ba. Ko tsakar gida ban kai ba uwargida ta ɗago daga bakin murhu ta ce, "Maigida, fatar layya aka shigo da ita tun ba a yi yanka ba?" Da gaske take tambaya, har tana leƙa zaure. Duk wanda ya taɓa bi ta majema lokacin da aka tsamo fatun jar akuya daga ruwa ya san warin da nake nufi. Shi ne sak, da hamamin turke a ƙarƙashinsa, da wani tsami-tsami mai hawa kai. Na wanke gemu da sabulu sau biyu, bai fita ba. Dole na cire shaddar da tela ya yi mako uku yana yi wa aiki, na sa tsohuwar rigata na tafi idi, a sahu ina ta takurewa kar na kusa da ni ya cutu.

Bayan Salla na mayar masa. Ya ce turaren da aka buɗe ba ya komawa, kuma hancina ne bai saba da abu mai daraja ba. Wannan maganar ta fi asarar kuɗin yi min ciwo, shekara nawa ina sayayya a wurinsa. Na naɗe kwalbar a tsohon hankici na jefa cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado. Wata guda bayan nan aka rufe iyakarmu da Najeriya, wuta ta yi wuya, kowa ya shiga ta kansa, turare ya fita a raina.

Wani dattijo maƙwabcinmu da ya daɗe yana fatauci a Makka shi ya fara sanyaya min zuciya. Ya ce ud ba fure ba ne, ciwon itace ne. Bishiyar, wadda masana ke kira Aquilaria, fara ce marar ƙamshi, sai ta ji rauni cuta ta shige ta sannan take fitar da wani baƙin ƙaro don kare kanta, shi ke jiƙa itacen ya yi nauyi. A Asam, musamman wajen garin Hojai, niƙa itacen suke yi su jiƙa shi a ruwa har makonni kafin a dafa a tatsi man ta tururi. Jiƙon nan yana tsima kamar kalwar da za a yi daddawa, shi ke kawo warin garke. Sabon mai yakan fito da shi da ƙarfi, sai ya kwana biyu a kwalba yake kwantawa. Ya ce min, "Ɗana, ka bar shi a duhu, kar rana ta gan shi, ka manta da shi." Ban ce masa na riga na manta da shi don haushi ba.

Cikin azumin 2025 ina neman wata takarda na ci karo da hankicin. Ina kwance shi ɗakin ya canza. Man da na sani ruwa-ruwa, launin shayi, ya yi duhu ya yi kauri, yana bin tsinke a hankali kamar zuma. Ɗigo ɗaya tak na sa a wuyan hannu bayan shan ruwa. Minti goma na farko akwai sauran fatar nan, amma yanzu jemammiya ce, irin ƙamshin sabon gafaka ko takalmin da baduku ya gama. Daga nan sai zaƙi ya taso, na busasshen dabino, da ɗan hayaƙi kamar an kashe itacen girki da nisa. Da muka idar da tarawihi ya koma ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko. Da asuba yana nan a hannun rigata. Uwargida da kanta ta tambaye ni wane sabon turare na sayo, da na nuna mata kwalbar sai ta yi salati. Ban taɓa riƙe turaren da ke sauya kama sau uku a dare ɗaya ba, kuma fata tana shanye shi, ba ya barin maiƙo yana ƙyalli kamar waɗanda ake sirkawa.

To amma da na ɗaga kwalbar a fitila raina ya sake ɓaci. Kusan kashi ɗaya cikin uku babu. Murfin roba ne marar matoshi a ciki, zafin watan Afrilu kuwa a garin nan ya wuce digiri 40, akwatin ƙarfe ya zama tanda, man ya yi ta tsiyaya hankici yana sha. Mutum ya karɓi kuɗin rago a hannunka amma ya kasa ba ka kwalbar kirki. Sannan zancen shekara goma ƙarya ce tsagwaronta. Da ya shekara goma, ba zai yi wannan canjin a wata ashirin da ɗaya a ƙarƙashin gadona ba. Ɗanye ya sayar min da farashin tsoho. Da ya ce min, Alhaji, sabo ne, ajiye shi sai baɗi, wallahi da na saya da farin ciki, da ban ɓata shaddata ba, da ban yi sallar idi ina jin kunyar jama'a ba. Itacen nan tun 1995 aka sa irin na Indiya cikin jerin waɗanda ake sa wa ido a cinikin duniya saboda ƙarewa yake a daji, abu mai wuyar samu haka bai kamata a sayar da shi ba tare da an gaya wa mai saye yadda zai riƙe shi ba.

Ko zai ƙara kyau nan gaba? Ina kyautata zaton haka, domin har yanzu yana da kaifi a buɗewarsa, bai gama nuna ba. Ƙanena yana da ud ɗan Kambodiya da ya sayo a lokaci ɗaya da nawa, tun ranar farko zaƙi ne da shi kamar alewa, kowa na yabo, amma yau in ka shinshina shi ne dai na jiya, har ya ɗan yi laushi. Nawa kuwa kowane wata da abin da yake ƙarowa. Wanda ke son turaren da zai shafa gobe ya tafi ɗaurin aure, kar ya kusanci wannan.

Na juye sauran a ƙaramar kwalba mai matoshin gilashi wadda ya kusa cikawa, don kar iska ta yi masa yawa, na sa a ɗakin ƙasa na tsohuwarmu inda ya fi sanyi. Juma'a kaɗai nake taɓawa, ɗigo ɗaya. Hankicin da ya sha man yana cikin hulunana. Shagon kuwa na bi ta ƙofarsa sau da yawa, har yau ban shiga ba.